Kwana cikin mota ya zama laifi: masu hoton daji na kuka, masu fili na ƙirga kuɗi

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa da ƴan uwa fatake, babu wanda zai koya muku abin da ake nufi da kwana cikin mota. Wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Kwatano ko Lome, dare ya riske shi a bakin iyaka, ƴan duwan sun rufe biro sun tafi gida, ya san yadda ake naɗe ƙafa a kujera, a tura jaka ƙarƙashin kai, a jira asuba. Ba don daɗi ake yi ba. Ana yi ne don kuɗin ɗakin otel ya zauna cikin uwar kuɗi, kuma don ido ya kasance kan kaya. To, a wasu ƙasashen Turawa, wannan abu da muke ɗauka ba komai ba ya zama laifin da ake cin mutum tara a kansa. Cikin waɗanda dokar ta fi taɓawa akwai masu wata sana'a da ba mu cika saninta ba a nan: masu ɗaukar hoton duwatsu, tafkuna, daji da sararin sama don su sayar.

Bari mu fara da sana'ar kanta, kada wani ya ce wasan masu ƙoshi ne kawai. Hoton nan na dutse da ruwa da ke jikin almanakar da ke rataye a shagonku, ko wanda ke fitowa a fuskar wayar salula, wani ne ya ɗauke shi, kuma an biya shi ko an biya kamfanin da ya saya daga hannunsa. Hajar waɗannan mutane haske ne. Hasken tsakar rana ba shi da kasuwa a wurinsu, domin yana wanke launi, dutse ya fito fari fat kamar an zuba masa toka. Wanda suke nema shi ne na ɗan lokacin nan kafin rana ta fito da bayan ta fito kaɗan, da kuma na gab da faɗuwarta. Sau da yawa ba ya kai awa guda. Idan hadari ya rufe, an yi asarar ranar, sai a jira gobe, wani lokaci har kwana uku ko huɗu a wuri ɗaya. Duk mai sayar da kifi ko tumatir da ke sammako zuwa tasha don ta tari mota kafin sauran mata su iso ta san wannan lissafi: wadda ta makara ta samu ragowa. Shi ya sa mai irin wannan hoto ke mai da motarsa ɗakin kwana, ɗakin ajiya da kuma rumfa, ya kwana a bakin wurin da zai yi aiki.

Ga shi kuma farashin hajar ya faɗi ƙasa warwas tun da kowa ya samu kyamara a aljihu. Kamfanin Shutterstock, ɗaya daga cikin manyan dillalan hoto na intanet, ya canza tsarin biyansa a shekarar 2020, har ya zama mai hoto na iya samun santi 10 na dalar Amurka a kan hoto guda da aka saya, abin da bai kai sefa 100 ba. Mai sayar da kaya a wannan farashi ba zai iya kama ɗakin otel kowane dare ba.

Ƙasar da wannan rigima ta fi fitowa fili ita ce Aislan, wani tsibiri mai sanyi a can arewacin tekun Atalantika, wanda mutanensa duka ba su kai dubu 400 ba. A watan Oktoban 2008 manyan bankunanta uku suka durƙushe, darajar kuɗinsu ta zube, ƙasar da ke da tsada ta yi wa baƙi sauƙi. A watan Afrilun 2010 kuma wani dutsensu ya yi aman wuta, tokarsa ta tsayar da jiragen saman Turai na kusan mako guda, duniya duka ta ji sunan ƙasar. A wannan shekarar ce aka ƙirƙiro Instagram, inda mutane ke baje hotunansu. Jiragen sama masu araha suka biyo baya. Sakamakon haka, baƙin da ba su kai dubu 500 ba a 2010 suka kai kusan miliyon 2 da dubu 300 a 2018, wato kowane ɗan ƙasa ɗaya yana da baƙi sama da shida a shekara. Kuɗin da yawon buɗe ido ke kawowa ya wuce na kifi, wanda shi ne tsohon arzikin ƙasar.

Da yawa cikin baƙin nan ba otel suke sauka ba. Sukan yi hayar ƙaramar mota mai katifa a baya, su bi hanyar da ta zagaye tsibirin, mai tsawon sama da kilomita 1,300, su kwana duk inda dare ya yi musu. Ƙasar tana da tsohuwar al'ada ta ɗaruruwan shekaru, wadda ta bai wa matafiyi damar ratsa filin wani, kusan irin yadda burtali yake ga makiyayi a wajenmu. Al'adar ta yi aiki lokacin da matafiyan ƴan kaɗan ne, a ƙafa ko kan doki. Da motoci suka zama dubbai, sai magana ta canza.

Kukan manoma mai sauƙin ganewa ne, kuma mu a ganinmu suna da gaskiya. Yawancin ƙananan motocin nan ba su da makewayi a ciki. Manomi ya tashi da safe ya tarar da bayan gida da takardun goge jiki a bayan shingensa, a bakin rafin da tumakinsa ke sha, har a kusa da coci da maƙabarta. Jaridun ƙasar sun yi ta buga irin waɗannan hotuna a shekarun 2014 da 2015. Akwai kuma gansakukar da ke lulluɓe duwatsunsu kamar bargo kore, wadda idan tayar mota ko takalmi ya murje ta sai ta yi shekaru gommai kafin ta dawo. Misalin da aka fi ambata shi ne na wani kwazazzabo mai suna Fjaðrárgljúfur (sunayensu sai su, harshenmu ba ya juya su), inda mawaƙin nan Justin Bieber ya ɗauki bidiyo a 2015. Jama'a suka yi ta tururuwa har ƙasar wurin ta zama caɓi, hukumar kula da muhalli ta rufe shi na ɗan lokaci a 2019.

Dokar kare muhalli mai lamba 60 ta shekarar 2013 ta fara aiki a watan Nuwamban 2015. Abin da ta ce a kan batunmu gajere ne: ba a yarda mutum ya kwana cikin mota mai gado, ko tirelar kwana da ake ja a baya, a wajen zangunan da aka tsara don haka ba, sai da izinin mai filin. Mai tafiya da ƙaramar laima ta yadi an bar masa ƴar ƙofa, yana iya kafa ta dare ɗaya a filin da ba a noma idan babu zango a kusa kuma mai fili bai hana ba. Garuruwa da yawa, musamman a kudancin ƙasar inda baƙi suka fi yawa, sun ƙara nasu sharuɗɗa masu tsauri, haka ma gandun dajin gwamnati.

Yanzu mu duba inda takalmin ke matsa mai hoto. Abin da ya fi kai su Aislan shi ne wani haske kore da ke fitowa yana rawa a sararin sama da dare, wanda ake gani a ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewacin duniya. Ana ganinsa ne kawai lokacin da dare ke da duhu, wato daga wajajen Satumba zuwa Afrilu. To amma yawancin zangunan ƙasar na bazara ne, suna buɗewa wajajen Mayu ko Yuni su rufe a Satumba, kaɗan ne ke aiki shekara duka. Ashe ke nan lokacin da kasuwar mai hoto ke ci shi ne lokacin da aka rufe yawancin wuraren da doka ta ce ya kwana. Hasken nan kuma ba ya da alƙawari, yana iya fitowa ƙarfe goma na dare, yana iya fitowa ƙarfe uku, yana iya ƙin fitowa gaba ɗaya. A da, mutum na ajiye mota gindin dutsen Kirkjufell ko bakin tafkin ƙanƙara na Jökulsárlón, ya kwanta, ya riƙa leƙawa ta taga. Yau sai ya jira a farke, in ya gama ya tuƙa mota ya koma zangon da ke buɗe, wanda kan yi nisa, a kan hanya mai santsin ƙanƙara, cikin duhu da iska, ido cike da barci. A watan Disamba hasken rana a Rekiyabik, babban birnin ƙasar, bai fi awa huɗu da ɗan abu ba. Duk direban da ya taɓa yin hanyar Tawa zuwa Agadas da dare ya san abin da gyangyaɗi ke haifarwa, alhali shi ba ƙanƙara a gabansa.

Da bazara ma ba a huta ba, sai dai matsalar ta juya. A watan Yuni rana kusan ba ta faɗuwa, hasken da ake so yana zuwa ne wajajen tsakar dare zuwa ƙarfe uku. Mai hoto na aiki da dare ya yi barci da rana, daidai lokacin da zango ke cike da hayaniyar iyalai masu haɗa kaya. In ya dawo da asuba kuma ya tada mutane da ƙarar mota.

A nan akwai wata tambaya da masu hoto ke yi wa juna, kuma ba ta banza ba ce: mutumin da ke zaune cikin motarsa ƙarfe biyu na dare, kyamararsa na tsaye kan ƙafafunta uku a waje, yana jira ne ko yana kwana? In ya gyangyaɗa minti ashirin fa? Ɗan sandan da ya ƙwanƙwasa masa gilashi shi zai yanke. Mu da muke zaune a kasuwa mun san dokar da fassararta ke hannun mai karɓar tara, ba sai an yi mana bayani ba. Ba muna cewa ƴan sandan Aislan na karɓar na goro ba ne. Muna cewa ne mai sana'a ba ya iya tsara aikinsa a kan abin da bai san iyakarsa ba, don haka masu tsoron rigima sukan haƙura su bar wurin tun da wuri, hoton ya wuce su.

Wa ya ci riba? Faɗuwar wani tashin wani. Masu zanguna da ƙananan masaukai, waɗanda da yawansu manoman nan ne da kansu, sun samu baƙin da a da ke wucewa ta ƙofarsu ba su ajiye ko sisi ba. Wurare masu farin jini, kamar magangarar ruwa ta Seljalandsfoss, sun sa kuɗin ajiye mota. A Stokksnes, inda ake ɗaukar hoton dutsen Vestrahorn, filin na mai shi ne, sai ka biya kafin ka shiga. A farkon 2024 gwamnati ta maido da harajin kwana da ta dakatar lokacin annobar korona, kuma zanguna ma suna ciki. Manyan masu hoto da suka riga suka yi suna su ma ba su yi asara ba. Da yawansu sun koma shirya tafiye-tafiyen koyarwa, su kwaso almajirai masu kuɗi daga Amurka, Jamus ko Sin, su kama musu otel mafi kusa da dutsen, su tashe su ƙarfe huɗu, a kai su cikin mota da direba. Wanda aka bari a rana shi ne ƙaramin mai hoto, matashin da ya tara kuɗin jirgi da ƙyar, wanda jarinsa duka kyamara ce da haƙuri. Abin ya yi kama da yadda ake korar mai tebur daga bakin titi, mai babban kanti na tsaye a ƙofarsa yana kallo, ciniki na komawa wurinsa.

Akwai wata asara kuma da ba a ƙirga ta da kuɗi. Tun da kowa na kwana a zanguna ɗaya, kowa na iya kaiwa wurare ɗaya ne kafin gari ya waye. Sai ka ga mutum talatin sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna ɗaukar dutse ɗaya daga kusurwa ɗaya. Haja iri ɗaya ta cika kasuwa, farashi ya ƙara faɗuwa. Mace mai sayar da albasa lokacin da ta Galmi ta sauko gaba ɗaya ta san ƙarshen wannan labari.

Sai dai fa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu hoton nan da ke kuka su ne suka yi wa wuraren talla. Kowane hoto mai kyau da suka sa a intanet, har da alamar inda aka ɗauke shi, gayyata ce ga dubban mutane. Sun ci amfanin filin wani kyauta shekara da shekaru, sun sayar da hotonsa, mai filin bai ga ko kwabo ba sai ƙazantar da aka bar masa. Hujjarsu ita ce su masu sana'a ne, suna da tsabta, ba sa barin komai a bayansu, ƴan yawon shaƙatawa ne ke ɓata wuri. Wataƙila haka ne ga mafi yawansu. Amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma manomin da ya hango farar mota bayan shingensa da dare ba shi da hanyar sanin ta mai sana'a ce ko ta ɗan sharholiya.

Wasu ƙasashen sun gwada wata hanya. Fotugal ta hana kwana cikin irin waɗannan motoci kwata-kwata a wajen wuraren da aka ware a watan Janairun 2021, aka yi ta ƙorafi, a watan Agustan shekarar majalisa ta sassauta: ana iya kwana har awa 48 a cikin yankin hukumar gari ɗaya, in ba a sa alamar hani ba. Amma wuraren da aka keɓe don kare muhalli da gaɓar teku suna nan a haramce, kuma su ne mai hoto ke so. Tarar tana farawa daga Yuro 60 zuwa 300, wato kamar jika 39 zuwa jika 197 a kuɗinmu, a wuraren da aka keɓe kuma ta ninka. Ita kuwa Niyu Zilan sai ta kama matsalar daga tushe. Dokarta ta farko ta 2011 ta sa tarar dalarsu 200, gyaran da aka yi a 2023 ya ninka ta zuwa 400, ya kuma ce motar da za a ba takardar shaidar kwana a filayen hukuma dole ta kasance da makewayi kafaffe a jikinta, ba bokitin da ake ɗauka a ajiye ba. Hukumar masu aikin famfo aka ɗora wa sa ido kan takardar. Mu wannan ta fi kwanta mana, domin ta kira abin da sunansa: rigimar ta bayan gida ce, ba ta barci ba. Amma ko ita ta fi dacewa da mai babbar mota. Ƙaramar motar matashi ba ta da wurin kafa makewayi.

Abin da ya fi jan hankalinmu a dokar Niyu Zilan shi ne ta fitar da marasa gida daga cikin masu laifi. A Amurka ba haka ta kasance ba. Can gwamnatin tarayya na da filaye masu faɗin gaske a yammacin ƙasar inda ake barin mutum ya yi zango kyauta, yawanci har kwana 14, kuma masu hoto na amfana da su. Amma a shahararrun gandun daji irin su Yosemite, kwana cikin mota sai a zangon da aka ware, wanda akan kama wuri tun watanni kafin lokaci, alhali babu mai sanin ranar da sama za ta yi kyau tun watanni kafin ta zo. A cikin birane kuwa dokokin ba don masu hoto aka yi su ba, don talakawan da tsadar haya ta kora cikin motocinsu ne. Ranar 28 ga Yunin 2024 kotun ƙolin ƙasar, da alƙalai shida a kan uku, ta ba garin Grants Pass na jihar Oregon gaskiya, ta ce hukunta mai kwana a filin jama'a bai saɓa wa tsarin mulki ba ko da ba shi da wurin zuwa. Bayan hukuncin birane da dama sun ƙara tsananta dokokinsu. Mai hoton da aka kora daga bakin teku ya rasa hoto guda, ya koma gidansa. Matar da ke kwana cikin mota da ƴaƴanta saboda ba ta da kuɗin haya, tara ce ke taruwa a kanta.

Mu ma a Nijar mun taɓa zama masu masaukin waɗannan mutane. Tsaunukan Ayar da rairayin Tenere, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, sun sha baƙi masu kyamara da ke kwana gindin tudun yashi kusa da motocinsu don su tari fitowar rana. Ba dokar zango ce ta kore su ba, rashin tsaro ne, tun daga tawayen 2007 da satar Turawan da ta biyo baya. Da suka daina zuwa, ba su kaɗai suka ji a jikinsu ba. Direbobi da ƴan jagora sun ajiye motoci, masu dafa abinci sun rasa aiki, maƙeran azurfa da mata masu dukanci na Agadas suka riƙa ɗaukar kayansu zuwa Yamai da ƙasashen waje neman mai saye. Mutanen Aislan sun ɗanɗana irin wannan na ɗan lokaci a 2020, da korona ta tsayar da jirage, baƙi suka koma ƙasa da dubu 500, zangunan da aka tilasta wa kowa kwana a ciki suka zama wayam. A 2023 adadin ya sake haura miliyon 2, kuma dokar ta 2015 tana nan yadda take, da ƴar ƙofarta guda: ka je ka yi sallama da mai fili, ku yi ciniki, in ya yarda ka kwana.